Kratos Na Gem Da Kratos Na Girkawa

'Yan uwa ɗalibai, duk wanda ya taɓa leƙa gidan gem a Barnawa ko Sabon Tasha ya san Kratos, ƙaton nan mai ƙwalƙwal da jan zane a fuska. Kamfanin Sony ne ya fito da shi a wasan God of War a 2005, kan PlayStation 2. Da yawanmu mun ɗauka labarinsa kenan a tatsuniyoyin Girkawa. Da muka bincika sai muka ga ba haka ba ne.

Mawaƙin Girka Hesiod, wanda ya rayu kimanin shekaru 2,700 da suka wuce, ya ambaci Kratos a matsayin ɗan Pallas da Styx. Ma'anar sunan ita ce ƙarfi ko iko. Bai taɓa zama mayaƙin Sparta ba, kuma bai yaƙi Zeus, sarkin gumakansu, ba. Dogarinsa ne ma. A wasan kwaikwayon Prometheus Bound, Kratos da 'yar uwarsa Bia ne suka ja Prometheus zuwa kan dutse, Kratos ya tsaya kan maƙerin gumaka Hephaestus sai da ya ɗaure shi da sarƙa. Laifin Prometheus shi ne ya sato wuta ya ba 'yan Adam.

To, ku duba yadda gem ya juya zancen. A God of War II na 2007, Kratos ne ya tarar da Prometheus a ɗaure, tsuntsu na cin naman jikinsa kullum, ya kawo ƙarshen azabarsa. Mai ɗauri ya koma mai kwancewa! A ganinmu na gem ya fi daɗin kallo, amma na littafi ya fi ban tsoro, domin bawan umarni ne da ba ya tambayar dalili.

Sunan yana cikin darasinmu na Government. Kalmar dimokuraɗiyya ta fito ne daga demos, wato jama'a, da kratos, wato iko. 'Yan aji uku masu shirin WAEC, ku riƙe wannan. Takalmin Nike kuma da wasunmu ke tanadin kuɗin tara domin saye, sunan wata 'yar uwar Kratos ce, gunkiyar nasara.

Idan malamin adabi ya tambayi wane ne Kratos, kada wani ya rubuta masa cewa shi ya kashe Ares.