Amsoshin Tambayoyinku: Romon Haƙarƙari Irin na Kudancin Sin

Wata mai sauraro daga Kawaji a Kano tana neman bayani kan romon haƙarƙari na mutanen lardin Guangdong da ke kudancin Sin.

Mutanen lardin kan dafa shi da haƙarƙarin alade, amma da yake alade haramun ne ga Musulmi, haƙarƙarin rago ko na sa yana maye gurbinsa. Ana fara tafasa naman a zubar da ruwan farko mai kumfa domin romon ya fito garau, sannan a zuba sabon ruwa da citta da radis, wata farar saiwa mai siffar karas, a rage wuta ya dahu na awa 2 zuwa 3. Gishiri sai dab da saukewa. Idan radis ya yi wuyar samu, karas na Kasuwar Yankaba ya wadatar.