Ƙwayoyin Da Ke Hana Jiki Yaƙar Kansa, Da Abin Da Aka Gano A Jikin Kifi

Garkuwar jiki runduna ce ta fararen ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta. Amma wani lokaci takan kasa bambance baƙo da ɗan gida, sai ta auka wa jikin da take tsaro. Ta haka ake samun ciwon sukari irin na yara, da wani nau'in amosanin gaɓɓai, cututtukan da ba baƙi ba ne ga likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo.

To, me ke tsawata wa wannan runduna? A 1995 Shimon Sakaguchi, mutumin Japan, ya nuna cewa cikin ƙwayoyin da ake kira "T" akwai wasu ƙalilan waɗanda aikinsu shi ne danne 'yan'uwansu in sun wuce gona da iri. A 2001 Mary Brunkow da Fred Ramsdell suka gano ƙwayar gado mai suna Foxp3, wadda in ta lalace, jikin ɓera ko na jariri kan shiga cin kansa. A 2003 aka tabbatar ita ce ke sarrafa masu tsawatarwar. Su ukun suka raba kyautar Nobel ta 2025.

Kifi ma yana da ƙwayoyin T, har tarwada da karfasar da masunta ke kamawa a gulbin Rima wajen Kwalkwalawa. Sai dai wanda masu bincike suka fi so wani ɗan kifi ne mai zane kamar jakin dawa, ɗan asalin Indiya da maƙwabtanta, wanda bai kai tsawon yatsa ba. Macen takan zuba ƙwai ɗaruruwa, 'ya'yan kuwa garau suke, ana hango cikinsu da madubin likita. Kusan kashi 70 cikin ɗari na ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna da takwara a jikinsa.

A 2017 aka lalata Foxp3 a wannan kifi, sai kumburi ya bazu a sassan jikinsa, kamar dai yadda aka gani a ɓera. Abin da ya fi ban mamaki, a shekarar ne ƙungiyar Kazu Kikuchi a Sidni ta ƙasar Ostireliya ta ga masu tsawatarwar suna taruwa inda aka raunata zuciya, ko laka, ko tantanin ido, suna fitar da sinadaran da ke sa wurin ya sake tsirowa. Da aka kawar da su, sai tsirowar ta tauye. Zuciyar mutum kuwa, in ta sami rauni, tabo take yi.