Tarihin Zaɓe: Yadda Kujerar Birnin Kano Ta Yi Ta Sauya Hannu

Masu karatu, darasinmu na wannan wata a kan zaɓe ne. Za mu ɗauki gari guda, wato birnin Kano, mu bi tarihin kujerarsa ta Majalisar Wakilai tun daga 1951. Mun zaɓi Kano ne domin kusan kowa ya san sunayen mutanen da suka yi takara a can. Amma abin da za mu koya ya shafi kowane gari da kowane ƙauye. Ku karanta a hankali. Akwai tambayoyi a ƙarshe.

Mene ne mazaɓa?

Mazaɓa yanki ne da aka shata wa iyaka, aka ce mutanensa su zaɓi mutum ɗaya ya wakilce su a majalisa. Wanda aka zaɓa shi ake kira wakili, ko ɗan majalisa. Aikinsa shi ne yin doka, da duba yadda za a kashe kuɗin ƙasa, da kai kukan mutanensa gaban gwamnati.

Iyakar mazaɓa takan canja. Idan jama'a suka ƙaru, ko aka ƙirƙiro sababbin ƙananan hukumomi, sai a sake rabo. Saboda haka mazaɓar da ake kira Kano ta Gabas a zamanin Sardauna, iyakarta daban take da ta mazaɓar Birni da Kewaye da aka yi daga baya. Amma duk kujerun mutanen birnin Kano ne.

1951: Zaɓe mai hawa-hawa

A 1951 Turawa ne ke mulki. A shekarar aka yi babban zaɓe na farko da ya game ƙasar Arewa. Talaka bai zaɓi ɗan majalisa da hannunsa ba. Maza masu biyan haraji ne suke taruwa a unguwa ko ƙauye su fitar da wakilai. Waɗannan wakilai su taru su tace wasu daga cikinsu. Haka ake ta hawa, mataki bayan mataki, har a kai taron ƙarshe na lardi. Wannan taro shi ke zaɓen waɗanda za su tafi majalisar Kaduna. Daga Kaduna kuma a tsamo mutum 68 su tafi majalisar Ikko.

A lokacin akwai sabuwar jam'iyya a Kano, wato NEPU, Jam'iyyar Neman Sawaba. An kafa ta ran 8 ga Agusta, 1950. Malam Aminu Kano ya zama jagoranta daga baya. A matakin farko na zaɓen, mutanen NEPU sun yi ƙoƙari ƙwarai a cikin birni. To amma doka ta ba En'e dama ta ƙara nata mutane, kashi 10 cikin 100, a taron ƙarshe. Da aka kammala, NEPU ba ta samu ko kujera ɗaya ba daga Lardin Kano. Abin da aka shuka a unguwa bai kai rumbu ba.

1954 da 1956: Malam ya faɗi sau biyu

A 1954 aka yi zaɓen majalisar tarayya ta Ikko. A Arewa har a lokacin zaɓen mai hawa-hawa ne. Malam Aminu Kano ya nemi kujerar Kano. Abokin karawarsa wani matashin malamin makaranta ne, Malam Maitama Sule, ɗan jam'iyyar NPC, wato Jam'iyyar Mutanen Arewa. Maitama Sule ne ya ci. Shi ne daga baya ya zama minista, aka kuma naɗa shi Ɗanmasanin Kano.

A 1956 aka yi zaɓen majalisar Jihar Arewa da ke Kaduna. A wannan karo an bar masu biyan haraji na wasu manyan garuruwa, har da Kano, su jefa ƙuri'a kai tsaye. Malam Aminu ya tsaya a Kano ta Gabas. Alhaji Ahmadu Ɗantata na NPC, ɗan babban attajirin nan Alhassan Ɗantata, ya kayar da shi.

Wani da ya sha kaye haka a jere, da ya haƙura. Malam bai haƙura ba. Shi da mutanensa suka ci gaba da neman a bar kowa ya zaɓa da kansa, kuma a asirce.

1959: Kowa da ƙuri'arsa

Ran 12 ga Disamba, 1959, aka yi zaɓen da ya share fagen samun 'yancin kai. Kujerun majalisar tarayya 312 ne, 174 daga ciki na Arewa. Wannan ne karo na farko da duk namiji ɗan Arewa mai shekara 21 ya samu damar zaɓen wakilinsa na tarayya kai tsaye.

Ga yadda aka yi. Kowane ɗan takara yana da akwatinsa, da alamar jam'iyyarsa a jiki. Alamar NPC fartanya, alamar NEPU tauraro. Mai zaɓe zai shiga ɗaki shi kaɗai, ya jefa takardarsa a akwatin da yake so. Dagaci bai gani ba, maigida bai gani ba. An sa alamomin ne domin yawancin jama'a ba su iya karanta suna ba a lokacin.

A wannan zaɓe Malam Aminu Kano ya ci kujerar Kano ta Gabas. A duk Arewa NEPU kujeru 8 kawai ta samu, NPC kuwa ta samu 134. Amma kujerar birnin Kano ta koma hannun 'yan adawa. Ku lura da kyau: Malam ɗin da ya faɗi a baya shi ne dai ya ci yanzu. Abin da ya ƙaru shi ne yawan masu zaɓe da kuma sirrin ƙuri'a.

Sai dai rabin jama'a suna gida. Mata a Kudu sun yi zaɓe a 1959, amma ba a bar matan Arewa ba. Mata irin su Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya sun sha ɗauri da duka a kan neman wannan haƙƙi.

1964: Ranar da aka zauna a gida

Zaɓe na gaba an yi shi ran 30 ga Disamba, 1964. Kafin ranar, rikici ya yi yawa. 'Yan adawa sun yi kukan ana kama magoya bayansu, ana hana su taro, ana hana 'yan takararsu shigar da takardu. NEPU tana cikin wani babban ƙawance mai suna UPGA. Dab da zaɓe, shugabannin ƙawancen suka ce a ƙaurace, kada a fita.

A wurare da yawa na Arewa an buɗe rumfunan zaɓe duk da haka. A Kano ta Gabas mutane kaɗan ne suka fita. Aka ƙirga abin da aka samu a akwati, aka ce Alhaji Mahmud Ɗantata na NPC ne ya ci. Malam Aminu ya rasa kujerarsa.

Kukan 'yan adawa yana da dalili. Amma mai ƙirga ba ya ƙirga fushin wanda ya zauna a gida. Abin da ke cikin akwati kawai yake ƙirgawa.

Wannan majalisa ba ta daɗe ba. Ran 15 ga Janairu, 1966, soja suka yi juyin mulki. Aka rufe majalisa, aka soke jam'iyyu. Shekara 13 birnin Kano ba shi da zaɓaɓɓen wakili a Majalisar Wakilai.

1979: Mata sun shigo

A 1976 aka fara barin matan Arewa su yi zaɓe, a zaɓen ƙananan hukumomi. Tsarin mulkin 1979 ya tabbatar da haka, ya kuma rage shekarun zaɓe zuwa 18. Nan take masu zaɓe suka ƙaru sosai.

Malam Aminu ya jagoranci sabuwar jam'iyya, PRP, mai alamar mabuɗi. A wannan karo shugabancin ƙasa ya nema. Bai samu ba, Alhaji Shehu Shagari na NPN ne ya ci. Amma a Jihar Kano, wadda a lokacin ta haɗa da Jigawa ta yau, PRP ta yi rinjaye mai yawa. Cikin kujeru 46 na Majalisar Wakilai ta ɗauki 39. Ta ɗauki duka kujeru 5 na dattawa. Alhaji Abubakar Rimi ya zama gwamna.

Ba a jima ba jam'iyyar ta rabu biyu, 'yan Taɓo da 'yan Santsi. Malam ya rasu ran 17 ga Afrilu, 1983. A zaɓen shekarar Alhaji Sabo Bakin Zuwo na PRP ya zama gwamna. Ran 31 ga Disamba, 1983, soja suka sake karɓe mulki, aka sake rufe majalisa.

1992: Zaɓen layi

A zamanin Janar Babangida gwamnati ce ta kafa jam'iyyu biyu da kanta. SDP tana da alamar doki, NRC tana da alamar mikiya. A zaɓen majalisa na Yulin 1992 an ba kowace ƙaramar hukuma wakili ɗaya. An yi zaɓen ne a fili. Mutane sukan yi layi a bayan hoton wanda suke so, a ƙirga su kowa yana gani.

Wannan hanya tana da amfani, tana da illa. Amfaninta, da wuya a cusa ƙuri'ar ƙarya a akwati. Illarta, babu sirri. Ɗan haya yana tsoron mai gida, mace tana tsoron miji, mai bashi yana tsoron wanda ke binsa. Wannan majalisa ma ba ta yi ƙarko ba. Janar Abacha ya rushe ta a Nuwamban 1993.

Daga 1999

Da aka dawo mulkin farar hula a 1999, Majalisar Wakilai ta zama mai kujeru 360. Jihar Kano ta samu 24. Gari ya girma, don haka aka raba birni da wajensa zuwa mazaɓu da dama, kamar Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa da Tarauni.

A Birni da Kewaye, Alhaji Ghali Umar Na'Abba na PDP ne ya ci a 1999. A Yulin shekarar 'yan'uwansa wakilai suka zaɓe shi Kakakin Majalisa. Ya yi suna wajen ja da Shugaba Obasanjo. Duk da girman wannan muƙami, da aka zo zaɓen 2003 kujerarsa ta koma hannun ANPP. A shekarar ne kuma Malam Ibrahim Shekarau na ANPP ya kayar da gwamna mai ci, Rabi'u Musa Kwankwaso.

Kujerar ta ci gaba da yawo. A 2019 Sha'aban Ibrahim Sharaɗa ya ci ta a ƙarƙashin APC. A 2023 Sagir Ibrahim Ƙoƙi ya ci ta a ƙarƙashin NNPP. Hanyar zaɓe ma ta canja. A 2015 aka kawo na'urar tantance katin zaɓe. A 2023 aka yi amfani da na'urar da ke duba yatsa da fuska.

Abin da za mu koya

Na farko, kujera aro ce. Fartanya ta riƙe ta, tauraro ya riƙe ta, mabuɗi ya riƙe ta. Attajiri ya hau ya sauka. Kakakin Majalisa ma ya sauka. Masu ita su ne jama'ar mazaɓa.

Na biyu, 'yancin zaɓe ba daga sama ya faɗo ba. Kakanninmu a 1951 ba su zaɓi wakili da hannunsu ba. Iyayenmu mata sun jira har 1976. Wasu sun shiga kurkuku kafin a samu abin da muke da shi. Wanda ya sayar da ƙuri'arsa a kan sabulu ko taliya, ya sayar da gadon da aka sha wuya a kansa.

Na uku, wanda bai fita ba, an zaɓa masa. Abin da ya faru a 1964 ya isa misali.

Na huɗu, alama kaɗai ba ta isa ba. Jam'iyyu suna mutuwa, wasu su taso, 'yan siyasa su sauya sheƙa. Ku san sunan ɗan takara, ku san halinsa. Idan an gama ƙirga a rumfarku, ku karanta takardar sakamako da aka manna, ku rubuta lambobin a littafinku. Wanda ya iya karanta suna da lamba, da wuya a yi masa rufa-ido.

Sababbin kalmomi

Mazaɓa: yankin da ke zaɓen wakili ɗaya.
Adawa: jam'iyyar da ba ta cikin gwamnati.
Ƙawance: haɗin kan jam'iyyu biyu ko fiye.
Ƙaurace wa zaɓe: ƙin fita zaɓe da gangan don nuna fushi.
Kakakin Majalisa: wakilin da ke shugabantar zaman majalisa.

Tambayoyi

1. Me ya sa NEPU ba ta samu kujera daga Lardin Kano ba a 1951?
2. Su wane ne suka kayar da Malam Aminu Kano a 1954 da 1956 da 1964?
3. Wane canji aka yi a hanyar zaɓe a 1959?
4. A wace shekara aka fara barin matan Arewa su yi zaɓe?
5. Faɗi amfani ɗaya da illa ɗaya na zaɓen layi.

Aikin gida

Rubuta sunan mazaɓarku ta tarayya da ƙananan hukumomin da ke cikinta. Sa'an nan ka je wurin wani dattijo ko dattijuwa a garinku. Ka tambaye su sunayen waɗanda suka wakilce ku tun daga 1979, da abin da kowannensu ya bari a gari. Rubuta amsar a layi biyar, ka karanta wa abokan karatunka.