Ƙarfin Da Ke Zurarewa A Gidajenmu

Da na je gida hutu, wata rana na zauna kusa da madafa ina kallon Inna tana dafa wake. Murhu na duwatsu uku ne, iska tana kaɗawa, harshen wuta ya karkata gefe guda, tukunya kuwa a buɗe. Ni da ke zaune gefe har gumi na ke yi, amma wake ya ƙi nuna. Itacen nan kuwa sai da ƙanwata ta yi tafiyar safiya guda kafin ta samo shi.

To, 'yan'uwana ɗalibai, ga darasin kimiyya a tsakar gida. Zafin da ke shiga tukunya a irin wannan murhu yawanci bai kai kashi 1 cikin 5 na abin da itacen ya bayar ba. Sauran duk iska ta kwashe. In aka kewaye murhun da katangar laka, aka bar ƙofar itace da mafitar hayaƙi, sai wuta ta tattaru ƙarƙashin tukunya. Ɗanyen itace kuwa hasara ne, don sai wuta ta ƙone ruwan da ke cikinsa tukuna.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne maganar murfi. Ruwa in ya tafasa, watau ya kai awo 100 ko kusa da haka, ba ya ƙara zafi kome yawan itacen da aka iza. Sai dai ya zama tururi ya tashi. Zafin da a ke bukata a mai da ruwa tururi ya fi ninki 5 na wanda zai kai ruwan ƙanƙara ga tafasa. Ashe mai dafuwa ba murfi sararin sama ya ke ɗumamawa! Saboda haka in tukunya ta tafasa, a rufe ta, a janye itace.

Akwai wata ɓarnar kuma, ita ce ta gogayya. Murza tafin hannunka da ƙarfi, za ka ji ɗumi. Wani Bature mutumin Ingila, James Joule, ya nuna tsakanin 1843 da 1850 cewa ƙarfin da aka kashe wajen aiki ba ya ɓacewa, zafi ya ke komawa. Keken ɗinkin da ya bushe, da sarƙar keke mai tsatsa, da ƙyauren da ke kuka, duk ƙarfin mutum su ke ci a banza, maganinsu ɗigon mai ne. Amma kada yaro ya ɗauka gogayya abokiyar gaba ce. Ba don ita ba da ashana ba ta kama ba, birki kuma bai tsai da keke ba.

Kashedi guda: kada don tsimin zafi a shiga ɗaki da gawayi a rufe ƙofa da taga lokacin sanyi. Yana fid da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kuwa kisa cikin barci.

Kafin hutu ya ƙare na roƙi Inna ta jiƙa wake tun da dare. Da safe ya tafasa sosai a rufe, sa'an nan muka sauke tukunyar cikin kwando, muka danne ta da ƙaiƙayi da tsummoki. Da azahar ta buɗe, ta latsa ƙwaya guda da yatsa, ta dube ni ta ce, "Kai, ɗan nan! Gobe ma haka za mu yi."