Ba da Hayar Wani Sashe na Gidanka

A garuruwanmu magidanta da yawa suna da ɗan wuri a cikin gida wanda ba kowa a ciki. Wani shago ne a jikin soro, wani ɗaki biyu ne can ƙurya da banɗakinsu, irin wanda ake ce wa boyis kwata. Idan kuɗin makaranta da na cefane suka yi nauyi, sai mai gida ya ce bari ya sa ɗan haya. Wannan halal ne, kuma yana rufa asiri. Amma daga ranar da ka karɓi kuɗi ka miƙa mukulli, doka ta shigo tsakaninka da wanda ka sa.

A fara da ginin. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filayen kowace jiha a hannun gwamna, amana ga jama'a. Takardar mallakar fili tana faɗin abin da aka ba ka filin domin sa, ko zama ko kasuwanci. Saboda haka kafin ka ƙara gini a filinka, ko ka fasa katanga ka mai da ɗaki kanti, sai ka nemi izinin hukumar tsara gari. A Kano sunanta KNUPDA, a Kaduna KASUPDA. Ginin da aka yi ba izini ana iya shafa masa jan fenti, daga baya a rushe shi. Kada ka toshe magudanar ruwa, kada indararonka ya zuba a gidan maƙwabci.

Sai yarjejeniya. Yawancin rigimar haya daga "ai mun yi magana da baki" take tasowa. Ku rubuta, ko da Hausa ne, da boko ko da ajami. A sa sunayenku, da kuɗin haya, da ranar shiga, da cewa biyan wata-wata ne ko na shekara. A faɗi wanda zai gyara rufi in ya yi yoyo, da wanda zai biya kuɗin yashe masai. Kowa ya sa hannu ko ya dangwala, shaidu biyu su ma su sa, kowa ya riƙe kwafi. Duk lokacin da ka karɓi kuɗi, ka ba da rasit. A Legas dokar haya ta 2011 ta wajabta ba da rasit, ta kuma hana karɓar kuɗin fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya.

Tunda gida ɗaya za ku zauna, akwai abin da sai an faɗa tun farko. Ta wace ƙofa zai riƙa shiga? Ƙarfe nawa ake kulle ƙofa? Baƙinsa za su ratsa ta tsakar gida inda iyali suke? Wutar lantarki fa? A ganina gara a nemi mita daban, domin rabon kuɗin wuta ya ɓata zumunci a gidaje da yawa. Ka kuma kai shi wurin mai unguwa a san shi, a san sana'arsa da inda ya fito.

Inda aka fi kuskure shi ne wajen tashin ɗan haya. Mai gida yakan ce, "Gidana ne, in na ga dama yau zai fita." Ba haka doka ta ce ba. In yarjejeniyarku ba ta faɗi wani wa'adi ba, a Abuja da Legas mai biyan mako-mako ana ba shi notis na mako ɗaya, mai biyan wata-wata na wata ɗaya, mai biyan shekara kuwa na wata 6. In wa'adin ya cika bai tashi ba, sai a sake ba shi takardar kwana 7, a sanar da shi cewa za a kai maganar kotu. Alƙali ne zai ba da umarnin fitar da shi, ma'aikatan kotu su zartar. Kowace jiha da tata dokar, don haka ka tambayi rajistaran kotun da ke kusa da kai ko lauya kafin ka rubuta notis.

Abin da ba a yarda da shi ba ko kaɗan shi ne ka ɗauki doka a hannunka. Kada ka cire masa ƙofa ko kwanon rufi. Kada ka yanke masa wuta da ruwa, ko ka watsa kayansa waje, ko ka turo masa 'yan daba. Ko da yana da bashin haya, in ka yi haka zai iya kai ƙararka, a ci ka tara ko a sa ka biya shi diyya.

Kai kuma ɗan haya, ka biya a kan lokaci, ka adana rasit ɗinka, kada ka sa wani a ɗakin ba da sanin mai gida ba. Mai karatu, in akwai ɗan haya a gidanku kuma ba takarda, ku nemi shaidu ku rubuta ta cikin makon nan.