Ɗaure taya ba kokawa ba ce

An jawo mini wata Golf gareji a Sabon Birni, babu ƙafar gaba ta hagu. Daga Isa ta taso maƙil da fasinja, tayar ta fice ana cikin gudu. Allah ya kiyaye rai, amma wata dattijuwa ta karye a hannu, sauran kuma suka yi cirko-cirko a daji har gab da Magariba, a hanyar da kowa ya san ba ta tsayawa ba ce a zamanin nan.

Da na duba, kusoshi uku sun tsinke, ta huɗun zarenta ya cinye. Na tambayi direban wa ya ɗaure masa. Ya ce, "Oga, da safe aka yi mini faci. A gabana yaron ya zura fayif a sifana ya hau da ƙafa, har da tsalle. Wallahi ta ɗauru." Yana faɗa yana taƙama! Har ƙarin kuɗi ya ba yaron.

To abin da ya kusa kashe su ke nan. Ƙarfin murɗawa lissafi ne: nauyin da ka danna, sau tsawon hannun sifana. Da Nm ake auna shi, kuma yawancin ƙananan motocinmu Nm 100 zuwa 120 suke so. Mutum mai kilo 70 a ƙarshen fayif mai mita 1 ya ɗora wa kusa kusan 700, ba a ma lissafa tsallen ba. Kusar ta miƙe, ta tsage ta ciki, sai ta jira rami da lodi.

Masu faci, ku ji tsoron Allah. Fayif na kwancewa ne, ba na ɗaurewa ba. Sifana mai awo, wadda ke yin ƙas idan ta kai, ba ado ba ce, ku saya. Ku ɗaure a giciye. Kada a shafa wa kusa giris.

Masu noman rani, ku ma kuna ciki. Sai ku murɗe filogin injin ban-ruwa iya ƙarfinku a kan alminiyom, zare ya tafi, ku dawo kuna zagin injin.

Direbobi kuwa, ku ne ke ba ni haushi, ku ne masu cewa "ƙara mata." In kun ga an ɗauko fayif, ku hana. Bayan kilomita 50 ku sake duba kusoshin. Na sake faɗa: kada a hau sifana. Kusar da aka taɓa hawa, a canja ta, ko da ta yi kyau a ido.