Darasi: Idan 'Yar Ƙawarki Za Ta Zauna Jarrabawar Shiga Sakandare

'Yan'uwa mata, yarinya na kaiwa aji 6 na firamare, jarrabawar shiga sakandare ce a gabanta. Akwai ta jiha, akwai kuma wadda hukumar NECO ke shiryawa domin makarantun gwamnatin tarayya. Kowacce akwai Lissafi da Turanci a ciki.

Kada ki ce ai ke ba ki yi boko ba. Yawanci lokaci ne yarinyar ba ta da shi: safe talla, yamma ɗiban ruwa, dare ta buɗe littafi tana gyangyaɗi. Ki zauna da uwar, ku ga yadda za a sauke mata tallar ko da wata 2 ne kafin jarrabawa. Na san da ribar tallar ake cefane, shi ya sa maganar ta zo gaban ƙungiya. A duba ko asusun taimakon juna zai ɗauke kuɗin fom, hoto da na mota.

Ki tambayi hedimasta ranar rufe rajista, ki roƙo tsofaffin takardun tambayoyi. 'Yarki ta sakandare ta riƙa yi mata bita bayan Magariba, fitila kuma daga gare ki.

A tattauna: 'yan mata nawa ne a aji 6 a gidajenmu bana?